Wanda Ya Cinye Lungun Masaƙa

An yi wani sarki a Birnin Marke, ana ce masa Zangina, mutum ne mai son tsari da tsafta, mai ƙin ƙazanta da ha'inci, wanda da a ce da niyya kaɗai ake aunawa, da an sa shi a sahun adalan sarakuna ba tare da gardama ba. Sai dai Allah ya jarrabe shi da wata cuta wadda ba ta kwantar da mai ita, na kusa da shi take kwantarwa, wato yawan zato. In bafade ya yi masa murmushi, sai ya ce me ya samu. In ya ɗaure fuska, sai ya ce me yake ɓoyewa. In kuwa wani ya yi ƙarfin hali ya ce wata doka tana buƙatar gyara, ba a tambayarsa mene ne gyaran, wa ya aiko shi ake tambaya. Saboda haka fadarsa ta cika da mutane masu ladabi ƙwarai, waɗanda suka ƙware wajen cewa gaskiya ne tun kafin a gama magana.

Tun farkon sarautarsa ya kafa majalisa ta kula da gine-gine da filaye da lafiyar jama'a, ya ɗora Magajin Gari Jatau a kanta, ya haɗa shi da Sarkin Magina da Sarkin Tsafta, wanda shi ne shugaban dubagari. Ba a aza tubali a birnin sai majalisa ta zo ta ja igiya ta kafa turaku, ba a haƙa salga kusa da rijiya, ba a juya bakin indararo cikin gidan maƙwabci, majema kuma an kai su gefen gari inda iska ke kwashe warinsu. Babbar dokar kuwa ita ce ta yaɓe. A daminar da sarki ya hau gado wata tsohuwar katanga ta faɗa wa wasu yara suna wasa, abin ya girgiza shi, ya umarci kowane mai gida ya yaɓe katangarsa ta waje duk shekara kafin ruwa ya sauka, ya shafe ta da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwan sama zaizaye ƙasa. Wanda dubagari ya tarar bai yi ba, shi zai yashe kwatar unguwa a gaban surukansa. Tun daga nan katanga ba ta sake kashe kowa ba, baƙi kuma suka riƙa yaba kyan birnin.

Aka yi shekaru masu yawa a haka, har gemun sarki ya yi fari. Ran nan cikin bazara Allah ya yi wa malamin da ya koya masa karatu rasuwa, a gidansa da ke can ƙuryar Lungun Masaƙa. Sarki ya ce shi ma zai raka gawa, ya taka da ƙafarsa zuwa lungun da rabonsa da shi tun yana yaro. Abin da ya gani ya tsaya masa a rai. Lungun da ya sani jaki yakan ratsa da mangala cike har mai tafiya ya raɓa ta gefensa, yanzu mutum biyu ba sa jerawa; kwatar da ke tsakiya ta matse ta toshe, ruwa ya kwanta ya yi kore, sauro na tashi da rana tsaka. Da aka ɗauko makara aka zo daidai ƙofar gidan Magajin Gari Jatau, domin shi ma a lungun yake zaune, sai ta ƙi wucewa. Aka ja baya aka sake gwadawa, ta ƙi. Daga ƙarshe sai da aka karkata ta, wasu suka tallafe gawar da hannu kada ta zame, aka wuce da malamin sarki a kaikaice, likkafaninsa na gogar bango.

Aka binne malam, sarki ya koma fada. Washegari ya tara majalisa ya ce, "Ya ku waɗanda muka ba amanar hanyoyin birnin nan, mun san hanya ba ta da ƙafa balle a ce ta gudu, ba ta kuma cin abinci balle a ce yunwa ta ramar da ita. Lalle wani ne ya ci ta, wani kuma ya sayar masa, na uku ya gani ya kau da kai. Muna so mu ji wane ne wane a cikinku."

Sarkin Tsafta ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ni nawa kwata ne da salga, igiyar awo ba ta taɓa kwana a gidana ba."

Sarkin Magina ya ce, "Allah ya ba ka nasara, magini yana gini ne a inda aka kafa masa turke, mai kafa turke kuwa ga shi nan zaune."

Duk idanu suka koma kan Jatau, wanda jiya-jiya su biyun suke rige-rigen ɗaukar masa takalmi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na rantse da wanda raina ke hannunsa, ban taɓa matsar da turke don wani ba, balle don kaina." Sarki ya ce rantsuwa ta yi kyau, amma makara a ƙofarsa ta tsaya. Nan take ya sa a tsare shi a gidansa, ya kira Alƙali Mu'allayidi ya ce, "Malam, ka binciko mana wanda ya ci wannan lungu kafin ruwan farko ya sauka. In ka samo wani ban da Jatau, ka kawo shi da hujja. In ba ka samo ba, za mu kwance wa Jatau rawani, mu rushe gidansa mu mai da shi hanya, mu fitar da shi daga birnin nan shi da iyalinsa, kada ya sake kwana a ƙasarmu."

Shi wannan alƙali dattijo ne mai ƙarancin magana, wanda ya daɗe yana sauraron rantsuwar maƙaryata har ya daina firgita da ita. Shi ma bai cika yarda da kowa ba. Bambancinsa da sarki shi ne yakan tuhumi zaton nasa kamar yadda yake tuhumar mutane. Gaskiyar magana, da ya fito daga fada zuciyarsa ta fi karkata ga cewa Jatau ne, domin ya sha ganin mai riƙe da igiyar awo ya auna wa kansa da hannu sake.

Ya shiga lungun ya bi gida-gida. Kowa ya tambaya sai ya rage murya, ya waiwaya, ya nuna katangar maƙwabcinsa da haɓa. Wani masaƙi ya ce tun da na gabansa ya fara fatauci ya lura bangonsa na ƙiba. Na gaban ya ce masaƙin nan a lura da shi, ƙanwar matarsa tana aure a gidan wani dubagari. Mutanen da suka yi shekaru suna aron turmi da rariya a tsakaninsu suka koma gaisawa a tsaitsaye, kowa na auna ginin ɗan'uwansa da ido. Alƙali ya gama zagayensa da tuhuma cike da kunne, hujja kuwa ko ɗaya. Abu guda ya tabbata, bai kuma taimaki Jatau ba: babu inda lungun ya kai matsewa kamar ƙofar gidansa.

Ya sami Jatau a zaure, dogarai biyu a bakin ƙofa, ya rame cikin 'yan kwanaki. Suka gaisa, alƙali ya ce, "Magaji, ni da kai mun girme wa kwana-kwana. In ka ƙara wa gidan nan wani abu, ko da shekarun baya ne, ka gaya mini, in nema maka sassauci tun kafin hadari ya haɗu."

Jatau ya ce, "Allah ya gafarta Malam, gidan nan na gada, yadda mahaifina ya bar shi haka yake. Ban ƙara ɗaki ba, ban ta da sabuwar katanga ba."

"To, me ya sa nan ya fi ko'ina matsewa?"

Jatau ya buɗe baki, ya dubi dogaran nan, ya rufe. Can ya ce, "Allah shi ne masani." Alƙali ya lura da wannan kallo, ya ce a ransa mutumin nan ko dai ɓarawo ne, ko kuwa ya san ɓarawon kuma ya fi jin tsoronsa a kan tsoron kora.

Da zai fita sai ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa, ya dafa bango don kada ya faɗi, a nan ne ya ga abin da idonsa ya wuce a kai ɗazu. Ƙyauren zauren ya nutse can cikin bango, har mutum zai iya fakewa daga ruwa a bakinsa. Ya ɗaga kai ya dubi indararo, ya ga bangon ya kusa haɗiye shi, har an ƙara masa wani guntu a baki don ruwa ya kai waje. Ya bi sauran gidajen, ya ga kowace ƙofa ta nutse, kowane indararo an yi masa ƙari. Da ya isa wani kango da masu shi suka daɗe da barin gari, sai ya tarar katangarsa ta ja baya ta bar fili, a nan kaɗai lungun ke da faɗinsa na da. Alƙali ya daɗe tsaye a wurin, kuma maimakon ya ji daɗi sai damuwa ta kama shi, domin ya gane ɓarawon, ya kuma gane dalilin shirun Jatau.

Ya kira Sarkin Magina gefe ya ce, "In ana yi wa bango yaɓe duk shekara, ana kuma hana ruwa cin na bara, ina yaɓen yake zuwa?" Sarkin Magina ya dube shi, ya dubi sama, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni magini ne, ba na fassara doka. Kuma ka yi mini alfarma, ba ka tambaye ni ba, ban kuma amsa ba." Ya tattara rigarsa ya yi gaba, bai ko tsaya sallama ba.

Yanzu wahalar alƙali ba gano gaskiya ba ce, isar da ita ce. In ya je ya ce wa sarki dokarka ce ta ci lungu, tambayar farko ita ce me Jatau ya ba shi, kuma maimakon mutum ɗaya ya bar gari sai su zama biyu. In ya yi shiru, za a kori mutumin da bai matsar da turke ba. Ga shi kuwa iska ta fara juyawa, gajimare na taruwa ta gabas. Ya yi ta juya abin har ya tsaya a kan cewa mai yawan zato ba ya gaskata kunnensa, amma yakan gaskata hannunsa.

Ya tafi fada ya faɗi ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, na gano wanda ya ci lungun, sai dai martabarsa ta fi ƙarfin bakina, kuma duk shaidar da zan kawo za a iya cewa saye aka yi. Hujjar tana cikin katangar Jatau. Ina roƙon sarki ya zo da kansa, ya zaɓi wurin da ya ga dama, ya sara da hannunsa, don kada a ce wani ya riga ya shirya wurin."

Sarki ya ƙura masa ido, yana neman inda tarkon yake. Ya yi zaton dukiyar cin hanci ce aka binne a bango, wannan zaton ne ma ya ta da shi. Ya zo lungun da majalisa, aka fito da Jatau, jama'a suka cika saman soraye. Alƙali ya nuna wani wuri, sarki ya ƙi, ya zaɓi wani dabam. Aka miƙa masa gatari ya sara, wani dogari ya ƙarasa, har aka buɗe tsaga mai zurfi. Ba tukunya, ba zinariya. Sai yaɓe a kan yaɓe kamar ɓawon albasa, kowanne da baƙin layin makuba a bayansa, kowanne kamar kaurin yatsa, can a ƙarshe kuma ga tsohon tubali zaune a kan harsashinsa.

Alƙali ya ce, "Sarki ya daure ya ƙirga." Sarki ya sa yatsa ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai ƙarshe ya sake farowa, domin adadin ya zo daidai da shekarun sarautarsa, ba ragi ba ƙari.

Amma cuta ba ta barin mutum don ya ga hujja sau ɗaya. Sarki ya juyo ya ce, "Malam, tun yaushe kuka shirya wannan kai da shi?" Alƙali ya ce, "Ranka ya daɗe, birnin naka ne. Ka zaɓi kowace unguwa, kowace katanga." Sarki ya sa aka sari bangon da ke fuskantar na Jatau, aka ga haka. Ya tafi wata unguwa mai nisa wadda bai gaya wa kowa zai je ba, aka sara, aka ga haka, sai dai can akwai shekarun da mai gidan ya yi wa dubagari wayo ya tsallake, hanyarsu kuwa ta fi faɗi. Suka dawo lungun, alƙali ya ce, "Allah ya ba ka nasara, babu wanda ya ci kamu guda a rana ɗaya. Kowa yatsa guda ya ci a shekara, ta dama da ta hagu, kuma da umarni ya ci. Ƙofar Jatau ta fi matsewa ne domin shi da maƙwabcinsa ba su taɓa tsallake shekara ba, shi kuwa da yake shugaban majalisa, yakan sa a kaurara nasa don ya zama abin koyi. Dokar ta tsare rayuka, wannan ba shakka; sai dai an ce a ƙara, ba a ce a kankare ba."

Kunya da fushi suka yi ta kokawa a fuskar sarki. Sannan ya dubi Jatau ya ce, "Mun ga ba ka sata ba. Saura tambaya ɗaya. Kai da kake shiga ƙofar nan safe da yamma, ka san abin da ke faruwa, ko ba ka sani ba?"

Da Jatau ya ce bai sani ba, da ya tsira da komai nasa, ba kuma mai iya ƙaryata shi. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, na sani. Tun shekarar da jakin mai itace ya daina shigowa na gane. Sau da yawa na shigo fada da maganar a bakina, in dubi fuskarka, in tuna wa za a ce ya aiko ni, in haɗiye ta in koma in sa a kwaɓa ƙasa. Na ce a raina ai yatsa guda ne. Daminar bara kwatar nan ta cika ta ƙi tafiya, zazzaɓi ya shiga lungun nan gida-gida, ya ɗauki yara. Cikinsu har da jikata, Ladiyo, wadda ta fara koyon kiran sunana. Da hannuna na ɗauke ta, ita ba ta buƙaci makara ba. Bayan kwana arba'in, da rani ya zagayo, na sake yin yaɓe. Ka kore ni ko ka bar ni, Allah ya ba ka nasara, hukuncina ya riga naka sauka."

Matan da ke saman soraye suka ja mayafi suka rufe fuska, domin da yawansu sun san wannan daminar. Ni mai ba da labarin nan ban san wanda ya fi ba ni tausayi ba, tsakanin tsohon da ke durƙushe da wanda ke tsaye riƙe da gatari.

Sarki ya ajiye gatarin, ya sunkuya ya kama Jatau ya ta da shi, abin da ba a taɓa ganin ya yi wa wani ba. Ya ce, "Kai ka yi shiru, amma mu muka koya maka. Gidanka naka ne, rawaninka naka ne, ba don ka wanku ba, sai don babu wanda zai ƙara riƙe wannan majalisa da tsoron Allah kamar wanda ya san farashin shiru." Ya umarta a kankare katangun birni har zuwa tsohon tubali, a buɗe kwatoci kafin ruwa ya yi ƙarfi, daga yau kuma kada a yi sabon yaɓe sai an cire tsoho. Ya kuma sa majalisa ta riƙa zama duk shekara ta duba dokokinta ɗaya-ɗaya, kowa ya faɗi ɓarnar da ya gani, ba tare da an tambaye shi wa ya aiko shi ba.

Alƙali Mu'allayidi kuwa sarki ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa masa, ya ba shi gona mai rijiya a bakin rafi, ya ɗaukaka shi ya zama waziri. Ya ce masa, "Mun ba ka wannan ne ba don ka gano gaskiya ba, da yawa sun riga ka ganinta, mun ba ka don kai ne ka nemo mata hanyar shigowa wurinmu." Alƙali ya yi godiya, ya roƙi alfarma ɗaya, a fara kankarewa daga Lungun Masaƙa. Kafin la'asar Jatau ya naɗe hannun riga ya ɗauki gatari, yana sara yana share ido, maƙwabtansa suka fito ɗaya bayan ɗaya suka kama masa.

Ya kai mai karatu, ka sani adalcin shugaba ba ya cika da kyan dokarsa, sai ya zama mafi ƙanƙantar masu yi masa biyayya zai iya tsayawa a gabansa ya ce dokar nan ta fara cutarwa, ya kuma koma gida ya kwana lafiya.